Ƙamshin Kwalba a Jikin Tabar Wiwi

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau zancenmu a kan tabar wiwi ne, amma za mu shiga ta ƙofar da ba a saba bi ba, wato ƙamshinta. A ƙasashen da suka halatta cinikinta, irin su Kanada da wasu jihohin Amurka, wata sana'a ta kunno kai. Ana haɗa ruwan ƙamshi a kwalba, a fesa wa busasshen furen wiwi, sai ya riƙa tashin ƙamshin lemo ko mangwaro ko alewa. Wani zai ce ina ruwanmu da abin da ake yi a Amurka? Muna da ruwa da tsaki a ciki, domin kayan can suna sauka a tashoshin jiragen ruwanmu, suna shiga lungunanmu, 'ya'yanmu ne kuma ke zuƙa. Abin da nake so mu riƙe tun daga farko shi ne, ƙamshi ba ya shaidar inganci, ba ya kuma shaidar cewa abu ba shi da illa. Duk abin da za a iya zubawa daga kwalba, mai ha'inci zai iya saye.

Mu fara da sanin abin da ke cikin kwalbar. Masana kimiyya suna kiran waɗannan sinadarai da suna tarfin. Sunan ne baƙo, amma kowannenmu ya san su. Ka ɗauki ɓawon lemon zaƙi ɗanye, ka lanƙwasa shi tsakanin yatsu biyu a inda haske yake. Za ka ga wani siririn feshi ya fita kamar hayaƙi, yatsunka su yi maiƙo, ƙamshi ya cika wurin. Idan ya shiga ido, ka san yadda yake yaji. Mafi yawan wannan man wani tarfin ne mai suna limonin. Idan ka matsa ɓawon a jikin balan-balan ɗin yara da aka hura sosai, sau da yawa sai ta fashe, saboda man yana cin roba. A riƙe wannan a zuciya, za mu dawo kansa idan mun zo maganar huhu.

Wani ɓangare na ƙamshin masoro da kanumfari daga wani tarfin yake, mai suna kariyofilin. Sanyin na'a-na'a a baki, da ƙamshin ganyen itacen turare da ake sirace da shi lokacin mura, da ƙamshin ƙaron ararrabi a kan garwashi, duk daga wannan dangi suke. Tsirrai suna yin su ne don kare kai daga ƙwari da dabbobi, wasu kuma don jawo ƙudan zuma. An gano dubban nau'o'insu. Wani Bajamushe mai suna Otto Wallach ya samu kyautar Nobel a 1910, kuma binciken waɗannan mayuka na cikin manyan ayyukan da suka kai shi ga haka. Sinadarin atemisinin, ginshiƙin maganin zazzaɓin cizon sauro da muke sha a yau, shi ma ɗan wannan gida ne, daga wani nau'in tazargade na ƙasar Sin aka samo shi. Saboda haka ba wanda yake cewa tarfin mugun abu ne a kan kansa. Tambayar ita ce a ina aka sa shi, nawa aka sa, kuma ta wace hanya zai shiga jiki.

Tabar wiwi ma tana yin nata. Idan aka duba furen macen wiwi da gilashi mai ƙara girma, za a ga jikinsa cike da wasu 'yan mitsi-mitsin gashi masu ƙwallo a kai, suna ƙyalli, suna danƙo. A cikin waɗannan ƙwallayen ake samun sinadarin da ke sa maye, wanda ake kira THC, wanda Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni suka tantance a Isra'ila a 1964. A nan kuma ake samun tarfin sama da iri ɗari. Sai dai su tarfin masu saurin tashi ne. Zafi da iska da haske suna kwashe su. Daga ranar da aka yanke ganyen aka shanya, ƙamshinsa yana raguwa ne, har ya koma warin busasshiyar ciyawa.

A nan ne kasuwa ta shigo. A 2012 jihohin Kolorado da Washinton suka kaɗa ƙuri'ar halatta wiwi ga manya. Ƙasar Uruguwai ta bi a 2013, Kanada a 2018. Gonaki suka yawaita, kaya suka yi yawa, farashi ya faɗi, aka shiga rububin masu saye. Mai saye kuwa abu na farko da yake yi shi ne ya buɗe gwangwani ya shinshina. Mai ƙarfin ƙamshi shi ne mai tsada. To, me mai kaya zai yi da tsohon ganyen da ya daɗe a sito, ko wanda bai yi kyau ba tun daga gona? Sai ya nemi kwalba. Mafi yawan abin da ke cikin kwalaben nan ma ba daga wiwi aka tatso shi ba. Daga ɓawon lemo ne da itacen fain da sauran tsirrai, saboda sun fi arha nesa ba kusa ba.

Akwai kuma hanya ta biyu da ake amfani da kwalbar. A 2018 Amurka ta yi dokar noma da ta halatta nau'in wiwi na masana'anta, wanda sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin 100 ba. Wannan ganye ba ya bugarwa. Sai wasu suka riƙa fesa masa wani sinadarin maye da ake sarrafawa a ɗakin gwaji, mai suna delta-8, sannan su bi shi da ƙamshi, ya fito da kama da warin wiwi mai ƙarfi.

Hanya ta uku ita ta fi muni: rufe warin lalacewa. Ganyen da bai bushe da kyau ba yana yin funfuna, kuma daga cikin funfunar da aka sha samu a jikin wiwi akwai mai suna asfajilus, wadda ke iya kama huhun mutumin da garkuwar jikinsa ta yi rauni, kamar mai fama da cutar ƙanjamau ko mai shan maganin daji. Warin ruma shi ne gargaɗin da hanci yake bayarwa. Wannan daidai yake da mai tsiren da namansa ya kwana ya fara canjawa, sai ya dumbuza masa yaji da ƙuli. Yajin ba guba ba ne, amma ya hana ka jin abin da ya kamata ka ji kafin ka kai baki.

Masu sayar da kwalaben nan ba sa tsayawa a ƙamshi. Suna cewa wannan tarfin yana sa barci, wancan yana kawar da damuwa, wancan kuma yana wartsake ƙwaƙwalwa. Suna dogara ne da wani hasashe da aka fara kawowa a 1998, wanda wani likita Ba'amurke, Ethan Russo, ya faɗaɗa a 2011, cewa sinadaran wiwi suna taimakon juna wajen aiki a jiki. Hasashe ne da har yanzu ake gardama a kansa. A 2019 da 2020, masu bincike a Ostareliya da Niyu Zilan sun gwada fitattun tarfin na wiwi a kan mahaɗan jijiya da THC yake kamawa, ba su ga sun canja aikinsa ba. Sannan a 2021 wasu masana a Amurka suka nuna cewa wannan wari mai hawa kai da aka san wiwi da shi daga wasu sinadarai masu farar wuta yake fitowa, dangin waɗanda ke cikin tafarnuwa, ba daga tarfin ba. Ga darasin a taƙaice: sinadarin THC shi kansa ba shi da wani ƙamshi da hanci zai auna. Wanda ya ce maka yana gane ƙarfin ganye ko tsabtarsa da shinshinawa, kansa yake yaudara kafin ya yaudare ka.

Masu sauraro, za mu ɗan shaƙata, idan mun dawo mu ga abin da wannan ƙamshi yake yi idan ya haɗu da wuta.

(Gajeren kiɗa)

Barkanmu da dawowa. Ga wanda bai daɗe da kama tasharmu ba, muna magana ne a kan ruwan ƙamshin da ake fesa wa tabar wiwi.

Hujjar da masu wannan sana'a suka fi kawowa ita ce, kayanmu daga tsirrai suke, kuma an yarda a sa su a abinci. Gaskiya ne, an yarda a sa da yawansu a lemon kwalba da alewa da biskit. Amma yardar ta ci ce, ba ta zuƙa ba. Ciki yana da ruwan narkar da abinci, hanta kuma tana tace abin da ya wuce. Huhu ba shi da irin wannan mai gadi. Fatar da ta raba iska da jini a cikinsa ta fi silin gashi siranta sau da yawa. Ku tuna man ɓawon lemon nan da yake sa ido yaji, yake cin roba. Irinsa ne ake tarawa da yawa a kwalba, a fesa, a cinna wa wuta, a aika cikin ƙirji.

Tarihi ya riga ya koya mana bambancin ci da shaƙa. A shekarar 2000, a wata masana'antar gugguru da ke jihar Mizuri ta Amurka, aka gano tsofaffin ma'aikata takwas da wata muguwar cutar huhu wadda ke toshe ƙananan hanyoyin iska, ba ta kuma warkewa. Da aka bi diddigi, sai aka ɗora laifin a kan tururin sinadarin da ke ba guggurun ɗanɗanon man shanu, mai suna dayasetil. Miliyoyin mutane sun ci shi a abinci lafiya lau. Waɗanda suka riƙa shaƙarsa kullum su ne suka rasa numfashinsu.

Game da tarfin kuwa, a 2017 masu bincike a Jami'ar Jihar Fotlan, cikin jihar Oregon, sun ɗora irin waɗanda ake samu a wiwi a kan zafi mai tsanani, kamar yadda masu shan tataccen mansa suke yi. Sai suka ga sun rikiɗe sun fitar da metakrolin, mai ƙona hanyoyin numfashi, da kuma benzin, wanda an daɗe da tabbatar da cewa yana jawo cutar dajin jini. Gwargwadon yadda zafi ya ƙaru, gwargwadon yadda gubar ta yawaita.

A 2019 kuma Amurka ta ga abin da ƙari a cikin kayan zuƙa yake iya yi. Matasa masu jini a jika suka riƙa cika asibitoci, numfashi yana gagararsu. Zuwa watan Fabrairun 2020, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ƙirga mutum 2,807 da aka kwantar, 68 suka rasu. Ba tarfin ne ya jawo wannan ba. Babban abin da aka kama da laifi wani man bitamin E ne da 'yan kasuwar bayan fage suke ƙara wa man wiwi na sigarin lantarki don ya yi kauri, ya yi auki. Man ne da ake shafawa a fata, ake kuma haɗiya a ƙwayar magani ba tare da matsala ba. Da ya shiga huhu sai ya zama ajali. Bayan haka, a 2022 hukumar lafiya ta jihar Fensilbaniya ta ba da umarnin janye ɗaruruwan kayan zuƙar wiwi daga kanti, saboda an ƙara musu sinadarai, ciki har da na ƙamshi, waɗanda ba a amince a shaƙe su ba. Kamfanoni suka kai ƙara, kotu ta dakatar da umarnin. Ku lura, wannan jayayya ana yin ta ne a inda ake da ɗakunan gwaji da takardar shaida a jikin kowane gwangwani. To, ina ga ƙullin da aka miƙo wa yaro a bayan kango da daddare?

Wannan ya kawo mu gida. Binciken shaye-shaye na ƙasa da aka gudanar a Najeriya a 2018, tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da kayan maye a shekarar da ta gabace shi. Daga ciki, miliyan 10.6 wiwi suka sha. A da, ganyen da ke yawo a Arewa mafi yawansa daga dazuzzukan Ondo da Edo da Osun da Delta yake zuwa. Yanzu an samu baƙi masu sunaye irin su Laud da Kolos da Arizona. Hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, NDLEA, wadda aka kafa a 1989, ta sha kama Laud daga Kanada a tashar jiragen ruwa ta Legas, a ɓoye cikin kwantenonin motocin hannu. Ana sayar da su da tsada, ana yi musu kirari da ƙamshi da kyan leda.

Hannun da ya iya fesa ƙamshi kuwa ya iya fesa abin da ya fi ƙamshi haɗari. Akwai wasu sinadarai na roba da ke kwaikwayon aikin THC a ƙwaƙwalwa, amma da ƙarfin da ya ninka nasa sau da yawa. Wasunsu wani malamin jami'a a Amurka, John Huffman, ya fara haɗa su don bincike kawai. A ƙarshen 2008 aka gano ɗaya daga cikinsu a Jamus, a jikin wani busasshen ganye da ake sayarwa da sunan turaren wuta. Daga nan abin ya bazu a duniya. Ana fesa su a kowane irin ganye, kuma feshin ba ya sauka daidai. Wani gefen ƙullin ba komai, wani gefen kuma ya isa ya kayar da ƙato. Shi ya sa abokai biyu za su sha daga ƙulli ɗaya, ɗaya ya tashi yana dariya, ɗaya ya faɗi yana jijjiga, kumfa na fita a bakinsa. A 2018 a jihar Ilinoi da maƙwabtanta, an samu irin wannan ganye gauraye da maganin ɓera, mutane suka riƙa zubar da jini ta hanci da fitsari, wasu suka mutu. A Turai, hukumomi sun yi gargaɗi cewa ana fesa waɗannan sinadarai a jikin wiwi marar ƙarfi a sayar da shi a matsayin na gaske, masu sha ba su sani ba.

Mu dubi Saliyo, a nan Yammacin Afirka. Wani ganyen feshi mai suna kush ya cinye matasan ƙasar, har a watan Afrilun 2024 Shugaba Julius Maada Bio ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. Gwajin da aka yi daga baya ya nuna cewa a cikinsa akwai waɗannan sinadarai na roba, wani kuma akwai wasu dangin hodar hiroyin masu tsananin ƙarfi da ake kira nitazin. Laberiya da Gini ma ba su tsira ba. Hanyar da kaya ke bi daga can zuwa nan ba ta da nisa.

Kada wani ya fahimci maganata a kan cewa wiwin da ba a fesa wa komai ba lafiyayye ne. A Amurka, matsakaicin ƙarfin THC a wiwin da hukuma ta kama ya tashi daga kusan kashi 4 cikin 100 a 1995 zuwa kusan kashi 12 a 2014. Wani babban bincike da aka buga a 2019, wanda ya haɗa birane a Turai da Birazil, ya nuna masu shan wiwi kullum sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau uku wajen yiwuwar kamuwa da taɓin hankali. Idan mai ƙarfin suke sha kullum, kusan sau biyar. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kuma ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25. Abin da ƙamshin kwalba ya ƙara a kan wannan shi ne sauƙaƙa zuƙar farko. Ɗaci da maƙaƙi da tari su ne suke korar yaro a karon farko. Ƙamshin alewa yana ɗauke masa wannan tsoro. Dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta haramta sigari mai ɗanɗanon na'a-na'a a 2020 ke nan, shi ne kuma abin da ya jawo 'yan mata da samari da yawa cikin shisha a biranenmu.

Yanzu ga saƙona gare ku, iyayenmu. Da yawanmu mun dogara da hanci. Idan yaro ya shigo gida ba mu ji wannan sanannen warin a rigarsa ba, sai hankalinmu ya kwanta. Wannan ma'auni ya daina aiki. Ganyen roba sau da yawa ba ya warin wiwi ko kaɗan, na feshi kuma yana iya yin ƙamshin 'ya'yan itace. Ku kula da yaron kansa: jan ido, barcin da ya wuce ƙima ko rashin barci, saurin fushi, janyewa daga 'yan uwa, faɗuwa a karatu, yawan neman kuɗi, sababbin abokan da ba ya so ku sani. Idan kun ga haka, ku zaunar da shi ku yi magana cikin natsuwa. Duka da kora ba sa raba yaro da dila, ƙara miƙa masa shi suke yi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa da ke kula da masu wannan lalura a Dawanau ta Kano, da Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri. Ofisoshin NDLEA na jihohi ma suna da sashen ba da shawara. Zuwa da wuri ya fi sauƙi a kan aljihu da kan zuciya.

Idan kuka tarar da wani ya faɗi bayan ya zuƙi wani abu, ku kwantar da shi a gefensa don kada amai ya shaƙe shi. Kada ku ɗura masa madara ko manja ko ruwa alhali ba ya cikin hayyacinsa, domin suna iya gangarawa huhu. Kada ku kulle shi a ɗaki wai sai ya wartsake. Ku garzaya da shi asibiti, ku tafi da ragowar abin da ya sha, ku gaya wa likita gaskiya. Kunyar kwana ɗaya ba ta kai rai ba.

Ku kuma ƙannena matasa, ni ban zo in ci mutuncin kowa ba. Na san wani rashin aiki ne ya jefa shi, wani baƙin cikin gida, wani kuma bin abokai. Tambaya ɗaya nake so ku yi wa kanku. Mutumin da ya miƙo muku ƙullin nan, shi ya noma? Shi ya fesa? Ya san abin da ke cikin kwalbar? Bai sani ba, wanda ya sayar masa ma bai sani ba. Abin da ya sani shi ne kuɗinku. Idan huhu ya lalace ko kai ya juye, mahaifiyarku ce za ta kwana a barandar asibiti, shi kuwa ya riga ya samu wani mai saye. Wanda bai fara ba, kada ya fara. Wanda ya fara, ya nemi babba ɗaya da ya yarda da shi, ko malami, ko likita, ya faɗa masa a cikin makon nan. Daina shaye-shaye abu ne mai yiwuwa, mutane da yawa sun daina sun kama sana'a sun yi aure, kuma neman taimako ba gazawa ba ne.

Malamai a kan mumbari, masu unguwanni, shugabannin makarantu, ku ɗauki wannan bayani ku isar wa waɗanda ba su samu sauraro ba, musamman batun cewa rashin jin wari ba ya nufin gida lafiya.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau. Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya kare mu daga sharrin masu neman kuɗi da rayukan 'ya'yan mutane. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. 

(Kiɗan rufe shiri)